Tukunyar tsohuwar Godollo

Wa'alaikumus salam ɗiyata. Saƙonki ya shigo tun daren jiya, na karanta shi sau biyu. Karon farko dariya na yi har Hajiya ta leƙo tana tambayar ko lafiya, karo na biyu kuma sai jikina ya yi sanyi, na ajiye wayar na ce sai da safe in na yi sallah hankalina ya dawo wuri ɗaya.

Bari in ga ko na fahimce ki. Tsohuwar da ke ƙofar kusa da taku a Debrecen, can ƙasar Hungari, ta ƙwanƙwasa miki ranar Lahadi da tukunya a hannu, tattasai ne aka cusa masa nama da shinkafa cikin miyar tumatir, ke kuma kika rubuta a waya cewa ba kya cin alade, wayar ta fassara, kika nuna mata, ta juya da tukunyarta. Yanzu abin yana cin ki, kina son ki dafa irinsa da naman sa na halal ki kai mata, amma kina tsoron ko a al'adarsu raini ne, ko kuma in babu alade a ciki ya tashi daga toltot paprika, sunan da suke kiran abincin. Har da ƙarin bayani wai kin ga wata a TikTok ta barbaɗa cuku a kai ta jefa a oben minti ashirin. To wannan na ƙarshen shi ne ya ba ni dariya, dan Allah kar ki kai wa tsohuwar mutane wannan.

Ƙin cin da kika yi daidai ne, Allah Ya yi miki albarka, a nan babu wata magana. Wayar ce ta tsaya min a rai. Mace ta tsufa ta taso da tukunya mai zafi har ƙofarki, sai gilashin waya ya amsa mata? Kakarmu, wato kakar mahaifiyarki, in aka aiko da abincin da ba za ta iya ci ba, hannu biyu take sawa ta karɓa ta yi ta sa albarka, in ma dole ne a mayar to sai ta yafa mayafi ta raka kwanon da ƙafarta. Kullum maganarta shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Ku kuma yanzu komai sai a shafa gilashi, gaisuwa a gilashi, ta'aziyya a gilashi, har ban haƙuri.

Kin san ni ma na yi zaman ƙasar nan, amma ban taɓa ba ki labarin yadda na fara cin abincin nan ba. Zamanin Janos Kadar ne, shugaban jam'iyyar da ke mulki, farkon shekarun 1980, gwaminatin gurguzu na nan daram. Sai da muka yi shekara guda a Budapest ba ma komai sai koyon yarensu, yaren da bai yi kama da Turanci ba bai yi kama da komai ba, sannan aka tura ni jami'ar aikin gona ta Godollo, ɗan ƙaramin gari ne da ake shiga ƙaramin jirgin ƙasa na HEV daga Budapest. A shekarata ta biyu na bar ɗakin kwanan ɗalibai na kama ɗaki a gidan wata tsohuwa da mijinta ya rasu. Neni nake ce mata, haka suke kiran duk mace babba, kamar mu ce Inna ko Gwaggo, in za ka gaishe ta kuma ka ce cokolom, wato na sumbaci hannunki. Ke kin iya wannan gaisuwar kuwa? In ba ki iya ba ki koya yau ɗin nan.

Mutanen nan alade ne abincinsu, da kitsensa suke suya, har a kan burodi suke shafa shi su barbaɗa jan garin tattasai su ci da albasa. Wata uku ina gidan ba na cin komai nata sai burodi da madara da dafaffen ƙwai. Duk Lahadi ƙarfe goma sha biyu daidai, ƙararrawar coci na kaɗawa ta zuba abinci, ta kira ni, in ce na gode na ƙoshi. Ina ganin yadda fuskarta ke canzawa, ni kuma yaren bai ishe ni in yi mata bayanin da zai kwantar mata da rai ba. Sai wata rana na zauna da ƙamus na haɗa maganata a takarda na haddace, na same ta a kicin na ce Neni, ba ƙyamar girkinki nake ba, addinina ne ya hana ni alade da kitsensa, kuma naman ma sai wanda aka yanka. Ta daɗe tana kallona. Sai ta ce, kamar Yahudawa kenan? Na ce kusan haka. Ta ce to me ya sa ban faɗa ba tun tuni, fiyam. Fiyam ɗin nan ɗana kenan, daga ranar ba ta sake kirana da wani suna ba.

Ita ta kwatanta min inda mahaucin Yahudawa yake a tsohuwar unguwarsu cikin Budapest. Ranar Juma'a da safe na je na sayo naman sa rabin kilo, mai ɗan kitse kamar yadda ta ce, aka niƙa min, na haɗo da kwalbar kitsen liba, wata ƙatuwar agwagwa ce dangin dinya da suke kiwo. Ƙarshen watan Agusta ne, lokacin da tumatir da tattasai suka yi arha, gidan gaba ɗaya ƙamshin tumatir yake saboda ta kwana biyu tana dafa shi tana ɗurawa a kwalabe, ta naɗe kwalaben cikin barguna da matasan kai su huce a hankali, tanadin hunturu kenan.

Ranar Lahadi da sassafe ta ce in ɗauko kujera in hau in sauko mata da wani abu daga can saman ma'ajiyar abinci. Tukunya ce ta tasa mai jan fenti, an naɗe ta da tsohuwar jarida, bakinta ya ɗan ɓantare wuri ɗaya. Ta karɓa ta goge ta da gefen zanen gabanta, ta ce wannan tukunyar alade bai taɓa shiga cikinta ba. Ta maƙwabciyarta ce, Bayahudiya, tare suka yi amarci a layi ɗaya. A 1944 da aka zo kwashe su, cikin 'yan makonni aka loda Yahudawan ƙasar sama da dubu 400 a jiragen ƙasa, akasari zuwa Auschwitz, sansanin kisa na 'yan Nazi, matar ta miƙo mata tukunyar ta kan katanga da wasu 'yan kaya ta ce ta ajiye mata sai ta dawo. Shekara kusan arba'in kenan a lokacin. Ba ta dawo ba, ita kuma Neni ba ta taɓa girki a ciki ba, ta ce kayan amana ne, kuma duk girkinta da kitsen alade ne, mai tukunyar ba za ta so ba. Ta ce amma yau na san za ta yarda. Wallahi ɗiyata ina tsaye riƙe da kujera na rasa abin da zan ce, Hausar ma ta ɓace min balle yarensu.

To a cikin tukunyar nan na ga yadda ake yi, kuma ban manta ko ɗaya ba. Tattasan ba irin jan namu ba ne, ba kuma ƙaton nan mai kaurin fata na manyan kantuna ba. Fari ne mai ɗan ruwan ɗorawa, fatarsa siririya, bakinsa da tsini, ba ya da yaji, a kasuwa za ki ga an rubuta TV paprika, ba talabijin ake nufi ba, gajarta kalmar na cusawa ce a yarensu. Guda takwas ta zaɓa masu kai ɗaya. Ta zagaye gindin da wuƙa ta zare shi da 'ya'yan, ta kankare jijiyoyin ciki da ƙaramin cokali, sannan ta ɗan huda tsinin kowanne don iska ta samu hanyar fita in ana cusawa. Shinkafa kamar gram 100, ta wanke ta yi mata rabin dahuwa ta tsane. Albasa ɗaya ta yanka ƙanana ta soya a kitsen liba har ta yi laushi, sai ta sauke kaskon daga wuta tukuna ta zuba jan garin paprika cokali guda. Nan ta riƙe min hannu ta ce in lura, garin nan akwai zaƙi a jikinsa, in ya ji wuta da yawa ƙonewa yake ya yi ɗaci, ya ɓata tukunya gaba ɗaya. Na Szeged take saya ko na Kalocsa, garuruwa biyun nan su ne gidan paprika. Malamanmu a jami'a ba sa gajiya da faɗa mana cewa a Szeged ɗin ne Albert Szent-Gyorgyi ya tatso bitamin C daga tattasan nan, mutumin da ya samu kyautar Nobel a 1937.

Ta haɗa naman da shinkafar da albasar, ƙwai ɗaya, tafarnuwa, gishiri, masoro, ta cuɗa da hannu. Ni ta ba cusawar. Na farko na danna shi dam har baki, ta karɓa ta rage, ta ce shinkafa za ta kumbura, in ba ka bar mata wuri ba sai ta fasa tattasan. Naman da ya ragu ta mulmula shi ƙwallo ƙwallo, ta ce waɗannan na yara ne, yaran Hungari da yawa ba sa son fatar tattasan sai ƙwallon.

Miyar kuma da abin da suke kira rantash ake fara ta. Kitse cokali biyu, fulawa cokali biyu, a yi ta juyawa a wuta kaɗan har ta ɗan yi ja ta fara ƙamshi, sai a kwarara ruwan tumatir kamar lita guda ana juyawa kar ya yi gudaji, shi ke ba miyar kauri. Gishiri, ganyen seleri reshe biyu da ta tsinko a bayan gida, sai kuma sukari. Da na ga ta nufi miya da cokalin sukari sai da na ce Neni! Ta yi dariya ta ce ai tumatir tsami gare shi, sai an lallashe shi. Ta jera tattasan a ciki da ƙwallayen, miyar ta rufe su, ta rage wuta can ƙasa. Kusan minti hamsin ba ta sa ludayi a ciki ba ko sau ɗaya, sai dai ta kama kunnuwan tukunyar da tsumma ta ɗan girgiza don kar ya kama. Ina ta leƙe, ta ce in zauna. Sai na tuna Kakarmu in muna zagaye murhu, takan ce sauri ya haifi nawa, wanda ya buɗe tukunya sau uku shi zai ci ɗanye.

Ƙararrawar sha biyu na kaɗawa ta zuba min biyu da dafaffen dankalin turawa, ta ce yo etvajat, wato a ci lafiya. Na yi bisimilla a fili, ita ma ta yi addu'arta. Ba ta fara ci ba sai da ta ga na kai loma ta uku. Washegari muka ɗumama sauran, ya fi na jiya daɗi nesa ba kusa ba.

Batun ko sunansa ya tashi in babu alade, ni dai ga abin da na sani. Yau in kika tambayi mutum goma a Debrecen tara za su ce miki da naman alade ake yi, kuma gaskiyarsu ne, haka iyayensu suka yi. Amma cusa nama da shinkafa cikin kayan lambu ta hannun Turkawa da mutanen Balkan ya shigo musu, Turkawan Usmaniyya sun riƙe Buda, wato ɓangaren Budapest na yamma, daga 1541 har 1686, kabarin Gul Baba, wani sufinsu, na nan a kan tudu har gobe, in kin shiga Budapest ki je ki gani. Yahudawansu kuma da naman sa da kitsen liba suka yi ta yi. Naman sa dai ya fi bushewa, shi ya sa za ki ce wa mai naman ya haɗa miki da kitse, in ba ki samu na liba ba man girki ma ya yi.

Sai dai ni ba zan ce ki dafa ke kaɗai ki kai mata ba. Matar da ta shekara hamsin tana abu, ki koya a waya cikin dare ɗaya ki kai mata a roba, me kike so ta ce? Ki sayi namanki da tattasanki, ki ɗauki tukunyarki da wuƙarki da cokalinki, ki ƙwanƙwasa ki ce cokolom, ki ce mata da bakinki ko da yaren ya karye, Neni ki koya min. Ki bar wayar a ɗaki. In ta fi son a yi a kicin ɗinki to ki share shi tsaf ki sa mata kujera. Kuma kar ki je hannu rabbana, a gidanmu ba a mayar da kwano wayam, ki soya mata cincin ko ki ɗiba mata dabinon da aka aiko miki.

Ni abin da ke damuna har yau, da na dawo gida wasiƙa uku kawai na rubuta mata. Aiki ya zo, aure ya zo, ina ta cewa sai wata mai zuwa. Ta huɗun da na aika bayan gurguzu ya faɗi a 1989 ba a amsa ba. Ban san hannun wa tukunyar nan ta faɗa ba.

Sukarin kuma kar ki yi mata gardama, ki bar ta ta sa yadda ta saba, wani gidan cokali ɗaya ne wani uku, su kansu ba su gama wannan musun ba. In kun gama ki ɗauko min hoton tukunyar kafin a zuba, ina son in ga kalar miyar. In za ki zo hutu kuma ki riƙo min garin paprika na Kalocsa, mara yajin, ƙaramin ƙunshi ya isa. Hajiya na gaishe ki, ta ce ki riƙa sa rigar sanyi.