Tambayoyin Masu Karatu: Ƙarar Cen Ɗin Taimin a Peugeot 504

Wasiƙun wannan fitowar duk a kan mota ɗaya suka faɗo, wato Peugeot 504 mai shan fetur, wadda kowa ya sani da Fijo. Faransa ta fito da ita a 1968, masana'antar PAN da ta fara aiki a Kaduna a 1975 kuma ta yi shekaru masu yawa tana haɗa ta, shi ya sa har yau ba a rasa ta a garejojinmu. Amsoshin sun shafi injin nan mai cc 1971 da ake kira XN1, da ƙaninsa mai cc 1796.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da 504 salun haɗin Kaduna da na gada wajen mahaifina. Da safe in na tayar da ita sai in ji kacau-kacau daga gaban inji, bayan daƙiƙa biyar ko goma ta ragu. Yanzu kuma ko inji ya yi zafi ina jin ƙarar a silo, ga shi ba ta da ƙarfi a hawa. Bakanike ya juya distibuta ta ɗan farfaɗo, bayan wata biyu ta koma gidan jiya. Me ke damunta? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Alamun da ka lissafa sun fi kama da cen ɗin taimin da ya ci, amma kada a kwance komai sai an auna.

A wannan injin kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul da rufe su, yana cikin bulok ne, a gefe, cen mai layi biyu ke jan sa daga karanshaf, sandar da fistoci ke juyawa. Giyar karanshaf haƙora 19 gare ta, ta kamshaf 38, don haka karanshaf ya yi zagaye biyu, kamshaf ya yi ɗaya. Mutane kan ce cen ya miƙe, amma ƙarfe ba roba ba ne. Ƴan sandunan da ke haɗa gaɓoɓinsa ne suke cinyewa, kowace gaɓa ta samu ɗan wasa, in aka tara wasan gaɓoɓi 58 sai tsawon ya ƙaru. Daga nan kamshaf ya riƙa zuwa a makare: bawul su buɗe a makare, su rufe a makare. Distibuta kuma, mai raba wa filogi wuta, daga kamshaf take samun juyi, ita ma sai wutarta ta makara. Abin da bakanikenka ya yi shi ne ya gyara lokacin wuta kaɗai. Bawul suna nan a makarensu, cen kuma bai fasa ci ba.

A fara da kunne. A ɗora bakin doguwar sukudireba a kan murfin taimin, a kara mariƙinta a kunne, ana lura da fanka kada ta kama hannun riga. Ƙarar cen kamar ana jan sarƙa ne a kan kwano, kuma ta fi fitowa a silo ko lokacin da aka saki totur. Ƙarar tafet kuwa tas-tas ce daga sama, mai tsari. Ta biyarin ƙasa bugu ne mai nauyi da ke ƙaruwa in an taka mota. Don a fitar da famfon ruwa da altaneta daga zargi, a cire fanbel a tayar da inji yana sanyi, kada ya kai minti ɗaya. In ƙarar ta ɓace, ba cen ba ne.

Sai awo, wanda shi ne hujja. A kashe inji, a cire filogi huɗun don ya yi sauƙin juyi, a buɗe hular distibuta. A sa sifana a notin fulin karanshaf a juya shi yadda inji yake juyawa har rota, wato abin da ke juyawa a cikin distibuta, ta motsa, a tsaya, a yi alama da alli a kan fuli daidai da wani abu da ba ya motsi. Sannan a juya baya a hankali, wani yana kallon rota. Da ta fara motsi a tsaya, a sake alama. Tazarar alamomin nan biyu ita ce wasan. Don mayar da ita digiri, a zagaye fulin da tef ɗin tela, a raba tsawon gida 360. Misali in zagayen ya ba da milimita 440, kowane digiri kusan milimita 1.2 ke nan. Digiri uku zuwa biyar ba abin damuwa ba ne, domin ita kanta giyar distibuta tana da nata ɗan wasan. In ya kai takwas ko goma, sai buɗewa. Wanda ke da fitilar taimin zai ga wata shaidar: alama tana rawa gaba da baya a silo maimakon ta tsaya wuri ɗaya. Sai dai a girgiza sandar distibuta da yatsa tukuna, don in bushinta ya ci ita ma tana sa alamar rawa.

Batun ƙarar safe da ke ɓacewa, wannan aikin tenshina ne. Shi ne ɗan ƙarfen da ke danne cen da takalmin roba, sifirin yana tura shi, matsin baƙin mai yana ƙara masa ƙarfi. Kafin mai ya iso shi da safe, cen sake yake. A bayansa, cikin bulok, akwai wata ƴar rariya da ba ta kai kan yatsa ba, tana tace man da ke shiga cikinsa. Motar da ake jinkirta juyen mai, ko ake zuba mata man jarka na gefen titi, wannan rariyar ce ke fara toshewa. Tunda taka yanzu tana ƙara ko da zafi, alama ce tenshinan ya fito iyakarsa, ba shi da sauran abin turawa.

Tambaya: Ni ɗan koyo ne a gareji, maigidana ya ce ni zan canza cen ɗin wata 504 fikof. Ina son a jera mini aikin, da wuraren da ake yin kuskure. Daga Maraɗi.

Amsa: Madalla, samari. Ka tanadi cen, giyoyi biyu, tenshina, gasket ɗin murfi, sabon farantin kulle kusoshin giyar kamshaf, baƙin mai 20W-50 lita huɗu da sabuwar filta.

Ka cire kan batir, ka zubar da ruwa, ka fitar da lagireto da fanka da fanbel. Notin fuli yana da tauri ƙwarai, a sa mota a giya ta huɗu wani ya taka birki, kada a cusa ƙarfe a haƙoran fulawil ana bugu. Bayan fuli sai murfi. Ka lura da wani faifai da ke gaban giyar karanshaf, shi ke mayar da mai baya, ka riƙe yadda fuskarsa take don ya koma haka.

Kafin ka taɓa cen, ka ɗaure tenshina. Iri biyu ake samu: akwai wanda ake kwance ƴar ƙusa a bayansa a sa alanki mai milimita 3 a juya, akwai mai ɗan makulli da ake juyawa da sukudireba. In ka zare shi ba a ɗaure ba, sifirin da fistinsa za su yi tsalle cikin ƙasa. Ka ciro rariyar nan ka wanke ta da fetur, ka hura ramin. Wannan ne aikin da aka fi tsallakewa, kuma shi ke sa sabon tenshina ya yi ƙara tun a makon farko.

Da zarar cen ya fita, kada ka juya karanshaf ko kamshaf shi kaɗai, fistin na iya dukan bawul. In dole ne a juya kamshaf, fistoci su kasance a tsakiyar hanya, ko a sassauta rokoki.

Wajen ɗaurawa, cen na asali yana zuwa da gaɓoɓi uku masu launi daban. Biyun da ke maƙwabtaka su sa alamar giyar kamshaf a tsakiyarsu, ɗayar kuma ta hau kan alamar giyar karanshaf. Ka ɗora cen a giyar kamshaf tukuna, ka rataya a ta ƙasa, sannan ka zaunar da ta sama ka ɗaure kusoshinta uku, ka lanƙwasa kunnuwan faranti. Ka mayar da tenshina, ka sake shi ya fito da kansa, kada ka tura takalmin da sukudireba wai don ya ƙara ɗamewa, roba za ta cinye da wuri. Ka juya inji da hannu zagaye biyu ka ji ko akwai inda ya cije. Kada hankalinka ya tashi in ka ga gaɓoɓin masu launi ba su dawo kan alamominsu ba, sai an yi zagaye da yawa suke sake haɗuwa.

Murfi kuma kada ka ɗaure shi tamau sai ka zura fuli ya daidaita shi a tsakiya, in ba haka ba zai riƙa yoyon mai. Gam ɗin silikon a shafa kaɗan, domin rarar da ta faɗa ciki rariyar nan take nufa.

Daga ƙarshe a saita tazarar bawul inji yana sanyi: na shiga milimita 0.10, na fita 0.25. Ka tuna Peugeot daga wajen kuloci take fara ƙirga silinda, lamba ɗaya ita ce ta kusa da direba, jerin wuta kuma 1-3-4-2. Idan bawul ɗin fita na 1 ya buɗe sosai, ka saita na shiga na 3 da na fita na 4. Na 3 ya buɗe, shiga 4 da fita 2. Na 4 ya buɗe, shiga 2 da fita 1. Na 2 ya buɗe, shiga 1 da fita 3. Tazarar kwantak milimita 0.40, ta filogi 0.6, sannan a saita wuta sabuwa, domin duk juyin da aka yi wa distibuta a baya don ɓoye tsohon cen yanzu ya zama wuce gona da iri, inji zai riƙa ƙwanƙwasa in an taka.

Tambaya: An canza mini cen, ƙara ta tafi, amma mota tana tari ta kafireta, tana zafi, ba ta ja. Daga Gusau.

Amsa: Alhaji, mai yiwuwa an tsallake haƙori ɗaya. Haƙori ɗaya a nan kusan digiri 19 ne na karanshaf, inji zai tashi amma ba zai yi lafiya ba. Yakan faru da cen ɗin kasuwa da ba shi da gaɓoɓi masu launi. Ba sai an kwance gaba ba kafin a gane. A buɗe murfin bawul, a cire filogin silinda 1, a zura siririn itace mai tsawo, a juya inji da hannu har fistin ya kai ƙololuwa a ƙarshen fitar hayaƙi. A daidai nan bawul biyun su kasance a kan sikeli, na fita yana gama rufewa, na shiga yana fara buɗewa. In ɗaya ya buɗe sosai ɗayan yana rufe ruf, taimin ya kauce, a koma a gyara. In sikelin daidai yake, a duba jerin wayoyin filogi, musamman in wanda ya yi aikin daga gaba ya fara ƙirga silinda.

Tambaya: Kuɗi sun yi kaɗan. Zan iya sa cen kaɗai in bar tsofaffin giyoyi? Wani ma ya ce a cire gaɓa ɗaya a rage tsawon. Daga Kano.

Amsa: Cire gaɓa kam a'a. Tazarar da ke tsakanin gaɓoɓi ce ta lalace, rage adadinsu ba ya gyara ta. Giyoyi kuwa a duba haƙoransu: in sun yi tsini ko sun karkata gefe ɗaya kamar ƙugiya, za su cinye sabon cen cikin ƴan watanni. In har yanzu kawunansu a faɗaɗe suke, gefe biyun iri ɗaya, za a iya barin su. Tenshina dai sabo za a sa ko ta halin ƙaƙa. In za ka Ƙofar Ruwa saye, tafi da tsohon cen ɗin, ka ƙirga gaɓoɓi, ka riƙe su biyun a kwance ta gefe. Wanda ya ci zai sunkuya kamar baka, mai kyau zai tsaya kusan a miƙe. Da wannan gwajin ake gane tsohon cen da aka wanke aka sa a sabon kwali.