Kwalbar da aka ba ni a Italiya: giya ce ko ruwan inabi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwar fata ne a nan Kano, shekara 11 ina kai kaya majemun Challawa. Bara abokin cinikina Ba'italiye ya gayyace ni garinsu, Arzinyano. Ranar da zan taso ya miƙo mini kwali mai kwalba biyu, ya ce daga gonar surukinsa ne, kusa da tafkin Garda. Ban buɗe ba sai da na iso gida. Ɗaya man zaitun ne, na gane shi. Ɗayar ruwa ne garai-garai mai ɗan rawaya, an rubuta Custoza da 12,5% vol a jiki. Uwargida ta ce ruwan inabi ne, ɗana ya ce giya ce. Yanzu kuma ya sake gayyata ta a watan Satumba, ya ce har gonar zai kai ni. Mene ne wannan abu, yaya zan yi da shi, kuma yaya zan ƙi sha ba tare da na ɓata ciniki ba?

Mai karatu daga Gwammaja

AMSA

Wa'alaikumus salam, Alhaji. Ɗanka ne da gaskiya, giya ce. Wancan 12,5% vol shi ne shaida: kashi 12 da rabi cikin 100 na abin da ke cikin kwalbar barasa ce, ta ninka ta giyar kwalba da ake sayarwa a ƙasar nan fiye da sau biyu. Hajiya ba ta yi laifi ba da ta zaci ruwan inabi ne, don da yawanmu in an ce giyar inabi ja muke kawowa a rai. Akwai fara. Ana matse inabin ne a raba ruwan da ɓawon tun da wuri, sai a bar shi ya tsima a manyan tankunan ƙarfe masu sanyi har zaƙin ya juye ya zama barasa. Launi ya tafi da ɓawo, maye yana nan.

Na yi shekaru ina wa 'yan kasuwar fata tafinta tsakanin Verona da Arzinyano, kuma ina so ka san abin da mutumin nan ya ba ka kafin ka yanke yadda za ka amsa masa.

Custoza, ana faɗinsa Kustoza, sunan ƙauye ne a lardin Verona, kudu maso gabas da tafkin Garda, tafiyar da ba ta kai rabin sa'a a mota ba daga birnin. Garda shi ne tafki mafi girma a Italiya, faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 370, zurfinsa a wani wurin ya wuce mita 340. Ƙanƙarar da ta gangaro daga tsaunukan arewa a zamanin da ce ta haƙa shi, ta kuma turo tsakuwa da duwatsu ta tara su a bakinsa na kudu. Waɗannan tarin su ne ƙananan tuddan da ake noman inabi a kansu yau. Ƙasa ce mai tsakuwa da ba ta riƙe ruwa, ga iskar tafki tana kaɗawa da rana, dare kuma da sanyi-sanyi. Manoman can suna cewa wannan ne ke bar wa inabinsu ɗan tsami mai kaifi, wanda shi suke alfahari da shi.

Kuma ba iri ɗaya suke matsewa ba. Gauraye ne: Garganega, Trebbiano Toscano, Trebbianello da Bianca Fernanda, kowane gida da nasa awon, kamar yadda kowace uwargida a cikin birni take da nata haɗin yaji da ba ta gaya wa maƙwabciya. Tun 1971 hukuma ta ba sunan kariya, ba wanda zai rubuta Custoza a kwalba sai inabinsa ya fito daga wannan yanki. A waɗannan tuddai ne kuma ake yin ja mai suna Bardolino, a bakin ruwa ta kudu wajen Sirmione ana yin wata farar mai suna Lugana. Na faɗa maka sunayen ne don ka gane su in ka gan su a teburi.

To ka ga mutumin ya ba ka abin da gidansu ya fi ji da shi ne, yadda kai ma za ka zaɓo fatar akuya mafi laushi ka ba baƙo. Bai yi don ya ci mutuncinka ba. Wataƙila ma bai taɓa tunanin abin ba.

Maganar kwalbar kuwa gajeruwa ce. A cikin Muwaɗɗa da Sahihu Muslim akwai labarin mutumin da ya kawo wa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, kyautar salkar giya, bai san an haramta ta ba. Da ya ji, sai aka yi shawarar a sayar, Manzon Allah ya ce masa wanda ya haramta shan ta ya haramta sayar da ita. Nan take ya kwance bakin salkar ta tsiyaye. Haka za ka yi. Ka tuttular da ita a magudana, kada ka sayar, kada ka ba wani kyauta, kada kuma ka bar ta a kabad inda yaro zai ɗauka ya zaci lemo ne. Man zaitun ɗin ku ci da albarka. Bakin Garda yana cikin wurare mafi arewa a duniya da zaitun ke yi, kuma mansu ba shi da yawa, ba kowa ake ba wa ba.

Inda na fi so ka tsaya shi ne tafiyar Satumba, don lokacin girbin inabi ne, gida zai cika da dangi da ma'aikata, kwalabe kuma za su yi ta yawo. Na taɓa raka wani dattijo cin abinci a wani gida a wannan yanki. Kunya irin tamu ta hana shi magana. Aka cika masa kofi ya yi shiru, bai taɓa ba. Mai gida ya zaci giyar ce ba ta yi ba, ya sa aka buɗo wata mafi tsada, sannan ta uku. Da na rage murya na yi wa mai gidan bayani, fuskarsa ta yi ja, matarsa kuma ta tashi da sauri ta kwashe shinkafar da ke gaban dattijon, don da farar giya ta dafa ta. Ran nan kowa ya kwana da nauyi a zuciya, kuma shirun ne ya jawo. Wani Alhajin kuwa tun saura mako ya sa na rubuta wa masu masaukinsa. Muka tarar da kifin tafki gasasshe, da man zaitun, da ruwan inabin da aka matse da safiyar ranar. Har yau suna ciniki.

Don haka ka rubuta masa yanzu. Ka gode masa da man zaitun, ka ambaci yadda iyali suka ji daɗinsa, sannan ka ce addininka ya hana ka giya da naman alade, ko da a cikin girki ne. Kada ka fake da rashin lafiya, don wanda ya ce likita ne ya hana shi za a ce masa ɗan kurɓi ɗaya ba ya komai. Ka haddace waɗannan: non bevo alcol, ba na shan barasa, senza vino, ban da giya, senza maiale, ban da alade, succo d'uva, ruwan inabi zalla. Ka yi tambaya kan shinkafarsu mai suna risotto, da kuma tortellini na garin Valeggio da ke nan kusa, taliya ce da ake cusa wa nama, sau da yawa har da na alade. In an zo wurin ɗanɗana giya a gonar, ka nemi uzuri ka fita, ba sai ka zauna a teburin ba.

Abin kallo da na hira ba zai yi maka ƙaranci ba. A Kustoza aka gwabza da sojojin Ostiriya sau biyu, 1848 da 1866, duka biyun Italiyawa suka sha kashi, kuma akwai hasumiya a kan tudu da aka buɗe a 1879 inda aka tara ƙasusuwan mamatan ɓangarorin biyu. Gaba kaɗan ga Solferino, inda wani ɗan ƙasar Switzerland mai suna Henri Dunant ya ga raunanan yaƙin 1859 a yashe, abin da ya kai ga kafa Red Cross a 1863. Ka ce ya kai ka, zai ji daɗi ka tambaya.

Tsaraba kuma, Alhaji, kada ka ɗauki kilishi, dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama, a filin jirgi za a karɓe. Ka je Ƙofar Mata ka zaɓo wa matarsa da surukinsa zanen shuni mai kyau, ka haɗa da busasshen zoɓo, ka rubuta musu yadda ake jiƙa shi da citta da kanumfari.