Ga Angon da Ke Tambayar Katakon Ƙofa

Assalamu alaikum. Ƙanena, na karanta tambayarka. Ka ce ginin gidanka na farko a nan Kano ya kai rufi, ɗaki biyu da falo da kicin da banɗaki biyu, biki saura wata biyar, kana son sanin katakon da ya fi dacewa da ƙofofi, da kuma yadda za ka gyara cikin gidan ba tare da kuɗi sun yanke maka a hanya ba. Allah ya sanya alheri, ya sa a shiga a sa'a. Na ga 'yan uwa sun amsa maka, wani ya ce iroko, wani ya ce mahogani. Duk gaskiya suka faɗa, amma akwai abin da ke gaban sunan katako, shi ne bushewarsa. A shagon kafinta na tashi, mahaifina sana'arsa ke nan, kuma har yau ina tsaya wa 'yan uwa a kan gininsu. Yawancin ƙofofin da na ga sun lalace tun ba a je ko'ina ba, ba don katakon mai arha ba ne. Ɗanye aka yi aikin da shi.

Ga yadda abin yake. Galibin katakon da ka gani jibge a 'Yan Katako ta Na'ibawa ko ta Rijiyar Lemo daga dazukan kudu ake kawo shi, irin su Ondo da Edo da Kuros Riba, wani kuma daga Taraba. Ana sare itacen, a tsaga, a loda a mota, cikin 'yan kwanaki ya iso. Ruwansa na jikinsa. Mu kuma nan arewa iskarmu kala biyu ce: da damina laima ta cika ko'ina, da hunturu kuwa iska ta bushe ƙarau har leɓe ya tsage. Katako yana shan laimar iska, yana kuma fitar da ita. In ya sha ya kumbura, in ya fitar ya tsuke, kuma ta faɗinsa yake yin wannan motsin, tsawonsa kusan ba ya canzawa. Akwai ƙofar falon wani ɗan uwana da aka haɗa a watan Agusta da ɗanyen katako. Ranar da aka kafa ta kowa sai ya yaba, banish na ta ƙyalli. Zuwa Janairu, in ka tsaya a cikin falon da rana, hasken waje kake gani siriri ta tsakanin allunan, ƙura na bin wurin tana kwanciya a kan kujera. Saman ƙyauren ya karkace ya bar firam, harshen kuba ya daina shiga raminsa, sai an sa gwiwa an danna kafin makulli ya juya. Kuma mahogani ne na gaske, an biya kuɗinsa cif.

Don haka shawarata ta farko, tunda kana da wata biyar, kada ka jira sai an gama fenti. Ka sayi katakon yanzu, ka busar da abinka da kanka. Gidanka mai rufi ne kuma ba kowa a ciki, ka ga ka sami rumbu. Ka jera bulo a falo, ka ɗora allunan a kwance, tsakanin kowane allo da na samansa ka gitta 'yan siraran sanduna, kamar ƙafa biyu tsakaninsu, kowace sanda ta hau daidai kan ta ƙasanta. Ka ɗora bulo a can sama don nauyi ya hana su lanƙwashewa, ka bar tagogi a buɗe iska na ratsawa. Bakunan allunan biyu ka shafe su da fentin mai, domin ta nan ruwa ke saurin fita, ta nan kuma tsagewa ke farawa. Kada ka jingina su a rana don sauri, bayan zai bushe ya tsattsage, cikin yana nan jiƙe. Allo mai kaurin inci ɗaya, in da rani ne, wata biyu zuwa uku ya kan wadatar. Mai kaurin inci biyu, wanda shi za a yi sandunan ƙofa da firam da shi, ya fi haka jinkiri, shi ya sa nake cewa yanzu.

Ranar sayayya ka tafi da kafintanka, amma kai ma idonka ya yi aiki. Ka ɗaga bakin allo ɗaya zuwa saitin idonka, ka hango tsawonsa har ƙarshe, duk wata lanƙwasa ko murɗiya za ka gan ta. Ka dafa shi da bayan hannu, ɗanye za ka ji shi da sanyi-sanyi, ga nauyi fiye da ɗan uwansa busasshe. Ka sa a ɗan goge maka gefe guda ka ga ainihin launinsa, saboda akwai masu shafa wa farin katako kala ya koma ja, a sayar da sunan mahogani. Sannan ka duba gefen allon. In ka ga wani farin ɓangare ya bi gefe alhali tsakiyar ta yi duhu, wannan farin shi ne na kusa da ɓawon itace, kuma shi ne abincin ƙwaro ko da a jikin iroko ne. Ko dai ka ƙi allon, ko ka amince za a yanke farin a zubar. In kuwa ka ga 'yan ƙananan huji kamar na allura, ka buga allon gari mai laushi ya zubo, to ƙwaro na ciki yana aiki, ko kyauta aka ba ka kada ka shigar da shi gidanka. A wasu manyan shaguna akwai 'yar na'urar da ake sokawa a katako ta nuna yawan ruwansa. In ka samu, ka nemi kashi 12 cikin 100 ko ƙasa da haka.

Yanzu sai sunaye. Iroko ya cancanci yabon da ake masa. Sabon yanka rawaya-rawaya ne, yana daɗewa yana rinewa zuwa ruwan ƙasa mai duhu, gara ba ta cika kula zuciyarsa ba, kuma in ya bushe ba ya yawan motsi. Kawo, wanda 'yan kasuwa suka fi kira afa, ni a wurina ya fi kowa a firam da ƙofar da ke kallon waje. Nauyi gare shi da tauri, sai an huda kafin a buga ƙusa, shi ya sa wasu kafintoci ke gudunsa, amma a wajen rashin kumbura da tsukewa da wuya ka sami na biyunsa. Mahogani yana da kyan ja, yana karɓar banish, ya dace da ƙofofin ɗakuna. Ka dai sani cewa na dajin kudu ya fi sauƙin aiki, maɗacinmu na arewa ya fi shi nauyi kuma yana da halin murɗewa in ba a busar da shi a hankali ba. Tik ma yana da kyau, da maiƙonsa a jiki, matsalarsa yanzu ana sare shi yana ƙarami, sai ka tarar rabin allon farin gefe ne. Madobiya kuwa, wadda kakanninmu suka sani da ƙarko, an yi mata sara ba ji ba gani a Taraba da maƙwabtanta ana fitarwa zuwa Chaina, har aka sa ta cikin itatuwan da dokar duniya ta taƙaita cinikinsu a 2017. Ba na ba ka shawarar ka neme ta.

In aljihu bai kai can ba, malaina ba abin kunya ba ce. Fara ce, ba nauyi, tana karɓar fenti, kuma in ta bushe tana zama lafiya. Sai dai ta fi kowane katako da na sani riƙe ruwa, bayanta ya bushe cikinta na jiƙe, don haka ita ce ta fi buƙatar haƙuri. Farin afara da obece kuwa ka bar su a aikin silin da abin da ba ya ɗaukar nauyi. Obece ko sukurun hinji ba ya riƙewa da kyau, ƙwaro kuma yana son su duka biyun.

Ba dole ne kowace ƙofa ta zama katako ba. Ta bakin titi ka yi ta ƙarfe, wurin mai walda na kirki, da faranti mai kauri. Na banɗaki ka sa alminiyom ko na roba, domin duk katakon da ruwan wanka ke fantsamar masa kullum ƙasansa zai ruɓe. Ka ga saura ƙofar falo da na ɗakuna biyu da ta kicin, huɗu ke nan. A zuba mai tsadar a ta falo, sauran a yi da mahogani ko malaina. Ƙofofin nan na fulawud masu fanko a ciki, da na MDF, wato allon garin katako da aka matse da gam, da ake shigowa da su, suna da kyan gani da arha, amma MDF in ruwan mofa ya taɓa ƙasansa sai ya kumbura ya fashe, kuma ba ya gyaruwa.

Wajen haɗawa ka zauna da kafinta ku yi magana tun kafin ya sa zarto. Sandunan ƙyaure a huda ɗaya a fiƙe ɗaya a zura a ciki da gam, ba a haɗa baki da baki a buga ƙusa ba. Allunan tsakiya su zauna cikin kwarmi sakayau, kada a sa musu gam, don su sami wurin motsi idan yanayi ya juya. In aka manne su, ranar da suka tsuke tsagewa za su yi. Kaurin ƙyaure kada ya gaza inci ɗaya da rabi. Hinji uku, ba biyu ba, a ɗaure da sukuru. Sau da yawa na sha ganin an buga sukurun da guduma don sauri, ka hana. A bar tazarar kamar milimita 3 tsakanin ƙyaure da firam, musamman in da rani aka kafa, domin ƙofar da ta zauna cif a Fabrairu za ta cije a Agusta. Kuma kada a yanke tsawonta sai an gama tayil, a lissafa har da kaurin kafet in za a shimfiɗa. Abin da kusan kowa ke mantawa: ƙyaure fuska shida gare shi. Masu fenti gaba da baya da gefe suke shafawa, su bar sama da ƙasa tsirara tunda ido ba ya kaiwa, alhali ta nan laima ke shiga. Ka tsaya a shafe su kafin a rataya.

Gara kuma, in sabon fili ne da ya kasance gona, ka ɗauka tana nan. Ta ƙasa take zuwa, ta bi ƙafar firam ta cinye cikinsa ta bar maka fenti a tsaye. A zuba maganin gara a ƙasa kafin a yi daɓe, a shafe bayan firam, wato fuskar da za ta manne da bango, da maganin ƙwaron katako irin su Solignum har ya sha. Baƙin mai na mota da wasu ke shafawa yana ɗan taimako a katakon rufi, amma a cikin ɗaki wari yake yi, ya kuma ɓullo ta cikin fenti. Firam na ƙarfe da ƙyauren katako ma haɗi ne mai kyau in wurin na da gara sosai.

Batun ƙawata gida, ka tuna ba kai kaɗai za ka yi ba. Gado da sif da kujeru da labule da kayan kicin iyayen amarya ne za su kawo, naka shi ne ka miƙa musu ɗaki mai lafiya. Abin da zai fi amfani, ka auna faɗi da tsawon kowane ɗaki da tagogi da ƙofofi, ka rubuta a takarda, ka ba wata yayarka ko gwaggonka ta kai musu tun ba su ba da aikin kaya ba. Na ga ranar jere da doguwar kujera ta ƙi shiga falo, mata na tsaye a tsakar gida da kaya, sai da aka cire ƙyaure da firam. Ƙofar ɗaki ta saba zama ƙafa 3 a faɗi, ƙafa 7 a tsawo, ta banɗaki ƙafa biyu da rabi. Ta falo in da hali ka ƙara mata ɗan ƙaramin ƙyaure a gefe wanda ake buɗewa ranar shigar da kaya. Ka kuma tambayi launin kujeru da labulen kafin ka sayi fenti. In ba ka samu amsa ba, ruwan madara ko toka mai haske ba sa faɗa da komai, kuma suna ɓoye ƙurar hunturu fiye da fari fat. A falo da hanyar wucewa ka sa fentin da ake iya gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, saboda yara na tafe in sha Allah.

Silin na POP mai hawa-hawa da fitilu kala-kala yana cin kuɗi ƙwarai, kuma za ka iya yinsa bayan shekara biyu ba abin da ya ragu. Abin da ba ya jira shi ne wanda ke cikin bango: waya mai kyau, isassun soket a inda gado da firji da talabijin za su zauna, bututun ruwa da aka gwada kafin a rufe shi da tayil, da raga a kowace taga saboda sauro. Tayil ɗin banɗaki da kicin ka zaɓi mai kaushi, mai santsin nan ya kayar da mata da yawa, ciki har da masu juna biyu.

Da kafinta kuma ku rubuta komai: irin katako, awo, yawan hinji, ranar kawowa. Ka ba shi rabi, sauran sai ƙofofi sun hau kun buɗe kun rufe tare, ka ga kowace kuba na shiga ba tare da an danna ba. In ka je kasuwa ka sa an goge maka bakin allon, ɗauki hotonsa da na gefensa ka turo mini, zan duba maka kafin ka biya. Allah ya kai mu bikin lafiya.