Dashen Haƙori: Me Ke Sa Ya Kama, Me Ke Sa Ya Faɗi?

TAMBAYA: Likita, shekarata 54, ina da ciwon suga kuma ina shan sigari. Shekara biyu ke nan da aka cire mini turmi na ƙasa. Ina son dashe, amma na abokina ko wata uku bai yi ba ya fara girgiɗi. Shin asarar kuɗi zan yi? Daga mai karatu a Mabera, Sakkwato.

AMSA: Malam, a yadda kake yanzu, kada ka yi gaggawa. Abin da ake dasawa wata 'yar ƙusa ce ta ƙarfen titaniyam da ake ɗaurawa cikin ƙashin muƙamuƙi, sai ƙashin ya tsiro ya manne mata. Wannan mannewa ita ce komai, tana ɗaukar wata uku zuwa shida, na muƙamuƙin sama ya fi jinkiri saboda ƙashinsa ya fi laushi. Tun 1965 da likitan ƙasar Suwidin mai suna Brånemark ya yi wa mutum na farko ake yin aikin, kuma fiye da tara cikin goma na kai shekara goma lafiya lau.

Suga ba ya hana dashe, sugan da ba a kula da shi ne matsala: rauni ba ya warkewa da wuri, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Ka yi gwajin HbA1c, wanda ke nuna sugan wata uku, a nemi ya sauko kusa da 7. Sigari kuwa ta fi ba mu tsoro, domin tana matse jijiyoyin jinin dasashi, tana kusan ninka haɗarin faɗuwa. Shisha ma ba sassauci ba ce. Idan dasashinka na zubar da jini lokacin asuwaki, a fara maganinsa tukuna.

Shekara biyun nan ma abin dubawa ne. Gurbin haƙori kan rasa kusan rabin faɗin ƙashinsa a shekarar farko, don haka sai an ɗauki hoton ƙashi, wataƙila a yi cikon ƙashi.

Na abokinka da ya yi saurin girgiɗi, galibi ƙashin ne bai manne ba tun farko. Wani lokaci daga hannun mai aikin ne. Idan injin huda ya ɗumama ƙashi ya wuce digiri 47 na minti ɗaya, ƙashin wurin ya mutu, shi ya sa ake huda a hankali ana kwarara ruwan gishiri mai sanyi. Dole a bar tazarar milimita 2 daga jijiyar muƙamuƙin ƙasa, in ba haka ba leɓe ya sandare. Wani lokacin kuma mai haƙorin ne ya hau kilishi da goro kafin lokaci. Ka je sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a duba ka, ka tafi da duk magungunan da kake sha, musamman in akwai na ƙarfafa ƙashi irin alendronate.

TAMBAYA: Ɗana mai shekara 15 ya faɗi a babur, haƙorin gaba ya fita. A dasa masa? Daga wata uwa a Arkilla.

AMSA: Hajiya, a jira. Muƙamuƙinsa na girma, dashe kuwa ba ya motsi, nan gaba sai ya zama gajere cikin 'yan'uwansa. A sa masa na cirewa har ya wuce shekara 18, sannan a sake duba shi.