Kuɗin mota na cinye min ribar makamashin ɓuntu, in sayi motar kanta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da injin da ke matse ɓuntun shinkafa ya cura shi, ina sayar wa gidajen burodi da masu abinci a cikin garin Sakkwato a madadin itace. Daga Goronyo da Wurno nake ɗauko ɓuntun, kusan kyauta, amma kuɗin mota ya hana ni ganin riba. In ci bashi in sayi motar kanta tawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka sayi motar tukuna. Matsalarka ba rashin mota ba ce, abin da kake loda mata ne. Buhun da zai ci kilo 100 na masara, in ka cika shi da ɓuntu ko kilo 20 ba zai kai ba. Kanta za ta cika har ta yi toroko, a ɗaure da igiya, amma nauyin da ke kanta bai taka kara ya karya ba. Shi kuwa direba kuɗin sahu zai karɓa, cif. Iska kake biya wa kuɗin mota ke nan, kuma ko motar taka ce haka lissafin zai fito, ga gas, ga taya, ga albashin direba da yaron mota, ga mai bin ka bashi.

Injin ne ya kamata ya yi tafiya. Ka nemi fili kusa da masu injin casar shinkafa, ka matse a can, ka ɗauko curarre. Abin da ka matse ya ninka ɓuntu nauyi sau da yawa a cikin buhu ɗaya, don haka sahu ɗaya zai yi maka aikin sahu da dama. Kayan aiki ba zai yanke maka ba: a duk kilo 100 na shanshera (shinkafar da ba a casa ba), kusan kilo 20 ɓuntu ne, masu casa ma neman mai kwashe musu shi suke yi. Haka manyan masu harkar ke yi. A Brazil, inda ake yin man mota daga rake, a tsakiyar gonaki ake kafa masana'antar, domin rake kaya ne mai nauyi, kuma zaƙinsa na raguwa in ya kwana biyu a yanke.

Amma fa ka yi yarjejeniya a rubuce da masu casar, ta shekara, a gaban shaidu. Yau kyauta ne. Ranar da suka ga kana loda buhuna kana tafiya birni, ɓuntu zai yi farashi. Sannan ka duba sha'anin tsaro kafin ka ajiye inji a gabashin jihar, inda Goronyo da Wurno suke. In hankalinka bai kwanta ba, masu casa na cikin gari da kewaye sun fi maka, ko da za ka saya da ɗan tsada.

Ruwa ma kaya ne da ake biya wa mota. Ka tara ɓuntu da hunturu, lokacin da ya bushe ƙamas, ka yi masa rumfa kafin damina. Jiƙaƙƙe ba ya curuwa da kyau, farfashewa yake yi a hanya.

Wajen dawo da kaya gari, ka yi magana da 'yan kamasho a tasha. Motocin da ke kai taki, siminti da kayan masarufi ƙauyuka sukan juyo ba komai a bayansu, kuma direban da zai dawo fayau zai yi maka ragi mai kyau. Ka tsayar da rana guda a mako, ka haɗa odar gidajen burodin da ke layi ɗaya, a sauke a zagaye ɗaya, maimakon a yi ta aiken Keke Napep da buhu biyu-biyu.

Ka buɗe littafi na wata 3: kuɗin ɓuntu, 'yan dako, mota, abin da ake karɓa a hanya, gyaran inji (ɓuntu na da kaushi, yana cin ƙarfen da ke matsawa, ka ajiye na canji). Ka raba jimillar da kilon da ya isa hannun mai saye lafiya. In bayan haka odarka ta kai ta cika kanta kusan kullum, zuwa da dawowa, sai ka dawo mu yi maganar sayen mota.