Ku Tambaya Mu Amsa: Ruwan barajinmu na ƙarewa tun Maris, wa ke shanyewa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam mai wannan fili, ina gaisuwa da fatan an wuni lafiya. Ni ɗan wani gari ne gabas da Damagaram in ka ɗauki hanyar Mirya, amma a Sabon Gari nake zaune saboda aiki, sai ƙarshen sati nake leƙawa gida. Muna da wani ɗan baraji da aka datse mana kwari shekarun baya, in damina ta yi kyau yakan cika har ya yi amai, kuma wallahi wurin ya zama abin alfaharinmu don ran Lahadi samari daga birni har kan kabu-kabu suke zuwa da butar shayinsu da tabarma su yi wanka su ɗau hoto, ran sallah kam ba a magana. To matsalar ita ce da ruwan yana kai mu har Mayu, yanzu shekara uku kenan kafin Maris ya ƙare sai laka da kofaton shanu. Masu garka sun ce shanu ne, makiyaya sun ce injunan ban ruwa ne, masunta sun ce masu birgi ne ke dama ruwa, bara saura ƙiris a zub da jini. An kafa komite aka ɗora min sakatare wai don na yi lakwal. Yanzu wasu sun ce mu jera buhunan yashi mu toshe bakin da ruwa ke fita don ya ƙara tsayi, wasu sun ce a hana inji gaba ɗaya. Don Allah ina mafita? A sakaya sunana.

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya taya ka riƙo, sakataren komite aiki ne na shan zagi ba albashi.

Bari in fara da buhunan yashi don shi ne mai iya kashe mutane. Kar ku yi, kar ku yi ko da wasa. Wannan bakin da kuke gani ruwa na fita kuna jin haushi kamar asara ce, shi ne ran barajin gaba ɗaya, wanda ya gina shi ya auna ne ya ce in ruwa ya kai nan to ya wuce ta nan don kada ya hau kan ganuwar ƙasa. Ganuwar ƙasa ba ta jure ruwa ya bi ta kanta, da zarar ya tsallaka sai ya fara cin bayanta kamar ɓera da buhun gero, cikin dare guda sai ku wayi gari ba baraji ba garake ba gidajen da ke ƙasa. Kuma ruwan saman yanzu ba irin na da ba ne, kowa ya ga 2024, a farkon Satumba tsohon masallacin Birni da ya fi shekara 150 a tsaye ya zube muna ji muna gani. Ruwan da ya yi wannan shi za ku tare da buhu? In ma kuna ganin ana iya ƙara wa bakin tsayi to ku je wajen ma'aikatan jeni riral, wato injiniyoyin gwamnati masu ayyukan gini na karkara, su zo su auna, aikinsu ne, ba na gayya ba ne.

Sai batun wa ke shanye ruwa. Na san kowa na nuna ɗan'uwansa da yatsa, amma babban mai shan ruwan nan ba ya zuwa taron komite, rana ce da iska. Mu nan ruwan saman da muke samu a shekara bai cika wuce milimita 400 da wani abu ba, shi ma cikin wata uku zuwa huɗu, amma abin da rana ke iya ɗaukewa daga buɗaɗɗen ruwa a shekara ya haura mita 2. A bazara in zafi ya tsaya, kusan santimita guda ke tafiya kullum ko ba wanda ya taɓa ruwan. Ka ɗau biro ka lissafa, santimita 1 a kan eka ɗaya ta faransi, wato mita 100 sau mita 100, lita 100,000 kenan, bido mai lita 25 har guda 4,000 a yini ɗaya. Saniya kuwa ko ta sha ta ƙoshi da zafi da wuya ta wuce bido biyu. Kenan in barajinku ya kai eka biyar abin da rana ke ɗauka a yini sai an tara shanu dubbai kafin su sha shi. Don haka ku sassauta wa makiyaya, ba su ne ba. Inji shi kam yana ja, ƙaramin nan mai tiyo inci biyu in yana lafiya yana iya zuƙe lita dubu 20 zuwa 30 a awa, in goma suka kwana suna ruri to sun kamo rana ko sun wuce ta, wannan gaskiya ce kuma masu garka su daina musu.

Amma abin da na fi zargi a labarinka, tunda ka ce da yana kaiwa Mayu yanzu ba ya kaiwa, shi ne barajin ya cike. Kowace damina kwari na zuwa da yashi da laka daga gonakin sama ya zube a ciki, shekara goma sha sai ka ga tukunya ta koma faranti. Ido ba ya ganewa don a Satumba ruwan na shimfiɗe fetal har ya fi da faɗi, kowa na murna, alhali zurfin ne ya tafi. Ruwa a faranti da ruwa a tulu wanne ke riga bushewa in ka ajiye su a rana? Shi kenan maganar. Ni da kaina na taɓa tsayawa bakin wani tabki da wani dattijo, ya nuna min wata ƙaya can tsakiya ya ce da yana saurayi nan in ya nutse sai ya ɗaga hannu ba a ganin yatsunsa, ranar kuwa wani yaro ne ke tsaye a wurin yana wanke akuya ruwa iya cinya.

To ga abin da zan ce ku yi, kuma ba ya cin kuɗi sosai. Ku samo ƙarfe ko dogon icce mai ƙwari ku kafa shi da siminti a wuri mafi zurfi yanzu da ruwa ya janye, ku yi masa zane da fenti duk santimita goma, a sa yaro ɗan lakwal guda ya riƙa dubawa duk Juma'a bayan masallaci yana rubutawa a kaye. Shekara guda kawai za ku san ruwanku kamar yadda mace ta san rumbunta. Daga nan sai ku shafa launi uku a jikin sandar. In ruwa na sama kowa ya sha shagalinsa. In ya sauko launi na biyu inji ya koma na awoyi, da asuba da yamma kawai, yau unguwar nan gobe waccan, masu birgi kuma su dakata. In ya taɓa ja to an kashe inji ƙurmus, abin da ya rage na dabbobi ne da kifi da masu ɗiba da bido. Amfanin sandar shi ne ba perezidan komite ne ya hana ka ba balle ka ce don ba ku shiri ne ko don ya auri wadda ka nema, sanda ce ta faɗa kuma kowa na ganinta.

Lokacin da za ku yi wannan yarjejeniya ma abin lura ne. Kar ku kira taro a Afrilu sanda albasar mutum ke neman ruwa biyu ta nuna, a lokacin ko ubansa ne ya ce ya kashe inji ba zai ji ba. A kaka ake yin ta, Oktoba, ruwa cike ciki cike, kafin kowa ya zuba iri, don mai garka ya san iya fangalin da zai buɗe, in ya ga sanda ta nuna bana ruwa kaɗan ne sai ya sa salati da kabeji masu saurin tashi maimakon abin da zai kai shi bazara. A yi shi gaban maigari da liman da sarkin ruwa in kuna da shi, kuma don Allah a kira wakilin makiyaya ya zauna a kan tabarma ɗaya da kowa, ba a gama a aika masa ba. Dokar ƙasa ma tana bayansu, tun Kod riral, wato dokar filayen karkara ta 1993, da dokar makiyaya ta 2010 ba a yarda a toshe wa dabbobi hanyar mashaya ba, saboda haka burtali ya zauna a buɗe, wanda ya yi shinge a kai ya cire. Ku rubuta komai ku kai wa Kofo, wato hukumar kula da filaye ta kwaminku, da ofishin magajin gari su buga hatimi, takarda mai hatimi tana da wani kwarjini da maganar fatar baki ba ta da shi. Mata kuma kar a manta da su, su ne ke bakin ruwan nan kullum da wanki da ɗiba, sun fi ku sanin ranar da ya fara wari.

Masu birgi da kuke kuka da su, ni a ganina ma'aikata ne Allah ya ba ku kyauta ba ku gane ba. Laka suke nema, ku kuma laka ce ta dame ku. Maimakon kowa ya haƙa ramin gabansa a gefe ko, Allah ya kiyaye, a gindin ganuwa, ku shata musu wuri a tsakiya in ya bushe ku ce nan za a ɗiba, a yi ƙasa ba a yi faɗi ba. Masu amalanke su kwashi ta kai gona, wannan baƙar lakar taki ce. Sai dai a yi hankali kar a fasa dandaɓar yumɓun da ke riƙe ruwan a kai ga yashi, in aka huda shi ruwan zai riƙa tsiyayewa ƙasa, shi ya sa nan ma gara ma'aikaci ya duba ya faɗa muku iya inda za ku tsaya. Can sama kuma inda kwarin ke fitowa a jera duwatsu a gicciye, a bar ciyawa da geza su kama, ruwa ya rage gudu ya ajiye yashinsa tun kafin ya iso. Zamanin Kunce samariya ke irin wannan aiki da kiɗa da tuwo, yanzu ga 'yan fada nan zaune suna juya shayi tun safe, kuma su ne masu zuwa wanka ran Lahadi, a gwada su mana, wasunsu kunya kawai suke jira a ba su.

Su baƙin Lahadin nan ma ku daina kallon su kyauta. Ba na ce ku kafa shinge kuna tatsar mutane ba, amma dala ashirin ta ajiyar babur da tikiti ba ta kashe kowa, a sayi fenti da siminti a ba mai gadi na goro, a ajiye rabin tano biyu na zuba leda. Kuɗin kuma a karanta su a bainar jama'a duk wata, don komite nawa na gani sun mutu ba don ruwa ya ƙare ba sai don jaka talatin da ba a san inda ta shiga ba.

Wani abu kuma da zai ɗan kwantar maka da rai, ruwan da ya nutse ƙasa ba duka ne asara ba. Mu 'yan Damagaram mun fi kowa sanin haka, garinmu a kan dutse yake zaune shi ya sa ruwan pampo daga nesa ake jawo mana shi, Gogo da Machaya da Arunguza da Ganaram, kuma a Gogo da Machaya ai datse ruwan sama aka yi don ya tsaya ya shiga ƙasa rijiyoyi su samu. Ku ma ku gwada haƙa 'yan rijiyoyi a ƙasan barajin, sau da yawa ruwa na kusa a nan, in sanda ta kai ja masu garka su koma can su ƙarasa amfaninsu.

TAMBAYA TA BIYU

Malam ni uwa ce daga Garin Malam, yarona ɗan shekara 11 ba ya jin magana kullum yana tabki da abokai, yanzu na ga jini a ƙarshen fitsarinsa, kakarsa ta ce ba komai girma ne. Haka ne?

AMSA

Hajiya ba girma ba ne, da alama tsargiya ce, kuma a gaya wa Iya cikin ladabi. Ƙwayar cutar na zaune ne jikin 'yan ƙananan dodon koɗi na ruwan kwance, ta fito ta huda fata lokacin wanka, ba sai an sha ruwan ba. Ki kai shi likita gobe a auna fitsarin, maganin ƙwaya ne ana ce masa praziquantel, gwargwadon tsayi ko nauyin yaro ake bayarwa kuma a sa ya ci abinci kafin ya sha. In aka bar ta shekaru tana lalata mafitsara. Abokan nasa ma a faɗa wa iyayensu, don in ya warke ya koma ruwan zai sake ɗauka. Kuma ki ja masa kunne kan ramukan birgi da damina, daga sama duk ruwa ɗaya ne, yaro na tafiya iya gwiwa sai kawai ƙasa ta ɓace masa.