Tambaya da Amsa: Wayar Salula a Filin Motsa Jiki

Tambaya: Ni malamin motsa jiki ne a wata ƙaramar sakandare a Zariya, kuma ba mu da kwamfuta sai wayata. Ta yaya zan shigo da fasahar zamani cikin darasi ba tare da yara sun koma 'yan kallo ba?

Amsa: Malam, wayarka ta isa, muddin ka ɗora wa ɗalibai aikin bincike na tsawon zangon karatu. Ka raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni ya ɗauki tambaya guda, misali ko langa ta fi gudu saurin tayar da bugun zuciya. Sai su ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, su ƙirga bugun na daƙiƙa 15, su ninka sau huɗu, kafin wasa da bayansa, suna rubutawa kowane mako. Agogon wayar zai auna lokaci, kyamararta kuma ta ɗauki mai tsalle, a rage saurin hoton, domin yaro ya ga inda ƙafarsa ta sauka da idonsa, abin da faɗa da baki ba ya cika gyarawa. A ƙarshen zango kowane rukuni ya gabatar da sakamakonsa a gaban aji.

Sai dai Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu shekara 5 zuwa 17 suna buƙatar motsa jiki na minti 60 a kullum, saboda haka kada rubutu ya cinye lokacin zufa. Kada kuma ka ɗauki hoton kowa, musamman 'yan mata, sai da izinin iyaye da hukumar makaranta.